Ruwa da Rana, Wuta da Dare: Yini Guda a Niyagara

Gardamar tun a gida ta fara, kafin kowa ya ga ruwa ko wuta. Na je Toronto ziyarar ƙanwata da ke aure a can, sai ranar 1 ga Yuli ta riske ni a gidanta, ranar da Kanada ke bikin kafuwarta tun 1867, ba aiki ba makaranta. Maigidanta ya ce yau sai Niyagara. Ni na so mu yi sammako in samu yini guda gaban ruwan da na daɗe ina jin labarinsa. Ɗanta kuwa, yaro ɗan shekara tara, ya ɓata fuska. "Kawu, ruwa ne fa kawai," in ji shi. "Wasan wutar sai ƙarfe goma na dare. Me za mu yi can tun da safe?" Uwarsa ta ce, "Yaya, rabu da shi, ɗauko hularka mu tafi." Da hantsi muka kama hanya, tafiyar kilomita wajen 130, motoci maƙil kamar kowa a garin shawara ɗaya ya yanke.

Na dawo gida an jima, amma maganar yaron ba ta bar ni ba. Abubuwa biyu aka haɗa mana a yini ɗaya, a wuri ɗaya, kuma mutanen da suka cika bakin kogin nan sun kasu kamar yadda muka kasu a mota. Wasu ruwan ya kawo su, wutar gyara ce. Wasu wutar suke jira, ruwan abin rage lokaci ne kafin duhu.

Ruwan dai kunne ke fara samunsa. Muna nesa, ba mu gama ajiye mota ba, na ji wani ruri mai kama da na hadarin da ke tasowa daga gabas, sai dai wannan ba ya matsowa, ba ya kuma wucewa. Can gaba ga wani farin hazo ya miƙe sama kamar hayaƙin gobarar daji. Kogin Niyagara gajere ne, kilomita 58 kacal daga Tafkin Erie zuwa Tafkin Ontario, shi ne kuma iyaka tsakanin Kanada da Amurka a wannan yankin. Amma ruwan manyan tafkuna huɗu ne ke bi ta cikinsa, Superior da Michigan da Huron da Erie, duk su taru su matse ta wannan maƙogwaro. A tsakiyar tafiyar ƙasa ta yanke, ruwan ya faɗa ta wuri uku. Biyu na ɓangaren Amurka, babba da wata siririya da ake kamanta ta da mayafin amarya. Ta ukun, wadda ke kwashe kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan, ta lanƙwashe kamar kofaton doki, kuma da siffar nan ake kiranta. Tsayinta mita 57.

Mita 57 ba wani abin a zo a gani ba ne in tsayi ake nema. Farin Ruwa ta jihar Nasarawa ta ninka ta. Abin da Niyagara ke da shi yawa ne. Da rana a lokacin baƙi, ruwan da ke zuba ba ya gaza lita miliyan 2.8 a daƙiƙa guda. Na yi lissafin da tankar mai mai cin lita 33,000, irin waɗanda ke jeruwa a hanyar Kaduna, sai na ga tanka 85 ke nan ake juyewa kafin mutum ya ƙifta ido ya buɗe. Lissafin ya shiga kaina, amma bai shiga jikina ba sai da na tsaya a wurin da ake kira Table Rock, inda shingen ƙarfe kaɗai ya raba mutum da leɓen gangaren. A nan ruwan kore ne shar, santsi gare shi kamar gilashi, yana tahowa ba gaggawa, sai ya lanƙwasa ya ɓace cikin fari. Idan ka kafa masa ido na minti ɗaya za ka ji kamar ƙasar da kake tsaye ce ke tafiya baya. Na riƙe ƙarfen da hannu biyu. Bakina ya ce Subhanallah tun kafin in yi niyyar faɗa.

Mun shiga jirgin ruwan da ke kai mutane gindin gangaren. A ɓangaren Kanada jar rigar leda ake ba kowa, a ɓangaren Amurka shuɗiya, don haka daga sama za ka iya sanin ƙasar da kowane jirgi ya taso. Na Amurkan, Maid of the Mist, tun 1846 aka fara amfani da wannan suna a kogin. Tafiyar minti ashirin ce ko kusa da haka. Da farko mutane na ta ɗaukar hoto suna dariya. Da jirgin ya kutsa cikin lanƙwasar, injinsa na gurnani don kawai ya tsaya wuri ɗaya, sai wayoyi suka koma aljihu. Babu abin ɗauka. Feshin ya rufe ido, ruwa na dukan fuska ta ko'ina, dama fari, hagu fari, gaba fari, ƙarar kuma ta kai inda in na kusa da kai ya yi magana leɓensa kawai kake gani yana motsi. Yaron da ya ce ruwa ne kawai ya ƙanƙame hannuna har farcensa ya shiga fatata.

A nan na lura da abu na farko da ya raba ruwan da wutar, ko da yake sai da dare na gane shi sosai. Ruwan ware mutum yake yi. Mu ɗaruruwa ne a jirgin, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma kowa shi kaɗai ne da abin da ke gabansa. Na san wannan kaɗaicin daga Gurara, a hanyar Suleja zuwa Minna, inda na taɓa zuwa cikin watan Agusta ruwan ya yi ja da laka yana tumbatsa kan duwatsu. Da rani Gurara sai ta lafa, ta bar ƙananan tafkuna da yara ke wasa a gefensu, da damina kuwa ba mai kusantarta. Ita tana da fushi da sanyin rai, gwargwadon abin da sama ta ba ta. A lokacin nan a jirgi na ɗauka Niyagara ma haka take, ba ta karɓar umarnin kowa.

Daga baya na fahimci ba haka zancen yake ba gaba ɗaya. A 1950 Kanada da Amurka suka ƙulla yarjejeniya a kan ruwan kogin. Daga 1 ga Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, da rana, dole a bar wancan adadin da na ambata ya zuba don masu kallo. Da dare, da kuma dukan lokacin sanyi, an yarda a rage shi zuwa rabi. Sauran ana janye shi tun daga sama ta manyan hanyoyin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashoshin lantarki, na Sir Adam Beck a Ontario da ta Robert Moses a jihar New York. Daga wannan kogin aka tura lantarki zuwa birnin Buffalo a 1896, bisa tsarin da Nikola Tesla ya ƙirƙiro, shi ya sa gunkinsa ke tsaye a kowane ɓangare. A 1969 ma injiniyoyin sojan Amurka sun datse ɓangarensu ɗungurungum daga Yuni zuwa Nuwamba, gangaren ya bushe ƙayau, suka duba tulin duwatsun da suka zube a gindinsa, daga ƙarshe aka yanke shawarar a bar su yadda suke. Ashe ruwan da na tsaya gabansa ina tasbihi an auna shi da mudu kafin a sako mini.

Wannan ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma da na sake tunani sai na ga bai rage komai daga abin da na ji ba. Mutum ya iya rage ruwan, bai iya yin sa ba. Kuma aikin da ruwan ke yi ya girmi duk wata yarjejeniya. Dutsen da ke leɓen gangaren mai tauri ne, na ƙarƙashinsa kuwa mai taushi. Ruwan na faɗuwa yana ƙwaƙule na ƙasan, har na saman ya rasa abin dogara ya karye. Da haka gangaren ke ja da baya. Shekaru wajen 12,000 da suka wuce yana can kusa da Queenston, kilomita 11 daga inda yake yau, kuma dogon kwazazzabon da muka bi gefensa a mota sawun tafiyarsa ne. A da yakan ci kusan mita guda a shekara, yanzu da aka rage masa ƙarfi bai fi kamu ɗaya ba. Yana dai ci. Sau ɗaya aka san ya yi shiru da kansa, a ƙarshen Maris na 1848, da ƙanƙara ta toshe bakin kogin a Tafkin Erie fiye da yini guda, har mutane suka sauka suna yawo a cikin kwarin.

Wani abin da tarihin wurin ya nuna mini shi ne ɗan Adam bai taɓa iya barin ruwan nan ya isa shi kaɗai ba. Kullum sai ya ɗora masa wani abu. A 1859 wani Bafaranshe da ake kira Blondin ya tsallaka kwazazzabon a kan igiya. A ranar 24 ga Oktoba 1901 wata malamar makaranta, Annie Edson Taylor, mai shekara 63, ta shiga ganga aka sake ta ta faɗo tare da ruwan, ta fito da rai, ta kuma mutu cikin talauci bayan shekara ashirin, arzikin da ta yi tsammani bai zo ba. A 2012 Nik Wallenda ya bi waya ta saman kofaton dokin kansa. Haska ruwan da dare ya faro ne a 1860, lokacin ziyarar Yariman Wales, da wata irin wutar albarushi mai ci a hankali, tun 1925 kuma akwai hukuma ta musamman da aikinta ke nan. Wasan wutar da yaronmu ke jira daga wannan zuriyar ya fito. Har titin Clifton Hill, da shagunan wasanni da fitilu masu walƙiya da kiɗa ta kowace ƙofa, duk ɗan gidan ne. Mun ratsa ta can neman abinci, ban ji sha'awar tsayawa ba.

Rana a can ba ta gaggawar faɗuwa a watan Yuli. Sai wajen ƙarfe tara muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa muka yi Magariba, ƙanwata ta buɗe kular da ta taho da ita, muka ci shinkafa da miya muna kallon mutane na ta kwararowa. Indiyawa da kakanninsu a keken guragu, 'yan Sin, Larabawa, Turawa da jar tuta mai ganye a kumatun 'ya'yansu, wasu samari na yi da Yarbanci a bayanmu. Aka kunna fitilu a kan ruwan, ja da fari, launin tutar ƙasar. Ban so hakan ba. Farin da na gani da rana ya fi ƙarfin fenti.

Ƙarfe goma daidai wutar farko ta tashi. Wani siririn haske ya haura sama shiru, ya tsaya kamar yana shawara, sai ya buɗe ja wur kamar furen da ya cika rabin sama. Sai bayan nan ƙarar ta iso, ta daki ƙirji. Haske na riga sauti, shi sauti mita 340 yake yi a daƙiƙa, don haka kullum ido ke karɓar labari kafin kunne. Da ruwan kuwa kunnena ne ya riga idona. Dubban mutane suka ja numfashi lokaci ɗaya, suka sake shi da murya ɗaya. Ban taɓa jin taron da ba harshensu ɗaya ba sun faɗi abu ɗaya haka ba.

Dole in ba wutar haƙƙinta, don akwai gwaninta a ciki da ba a gani. Asalinta albarushi ne, wanda mutanen Sin suka gano fiye da shekara dubu da ta wuce, haɗin gawayi da farar wuta da wani gishiri mai ciyar da wuta. Har yau yankin Liuyang na lardin Hunan na cikin manyan wuraren da ake ƙera ta a duniya. Ɗaruruwan shekaru launinta bai wuce na garwashi ba, sai a wajen shekarun 1830 masu sana'ar a Italiya suka fara zuba gishirin ƙarafa a ciki. Sitirontiyam ke ba da ja, bariyam kore, sodiyam rawaya, tagulla shuɗi, kuma shuɗin ya fi kowanne wuyar samu, don zafi na yin yawa sai ya kuɓuce. Kowane ƙunshi da aka harba yana da lagwani biyu a aikace, ɗaya ya tashe shi daga bututu, ɗaya yana ci a hankali har ya kai ƙololuwa kafin ya fasa shi. Yadda aka jera ƙwayoyin a ciki da hannu, haka za su watsu a sama. Wani ya zauna ya yi makonni yana shirya abin da zai rayu daƙiƙa uku.

Da iska ta juyo da hayaƙin, sai warin ya kai ni wani wuri da ban zata ba. Warin hawan sallah ne, lokacin da 'yan bindiga ke ɗura albarushi suna saki gaban sarki, dawaki na zabura, yara na toshe kunne suna dariya. Ashe na san wannan murnar tun ina ƙarami, murnar ƙara da hayaƙi da taro. Na duba yaron, bakinsa a buɗe, launuka na sauyawa a fuskarsa. Wata tsohuwa Baturiya da ba ta san mu ba ta dafa kafaɗar ƙanwata tana nuna mata sama. Yini guda muna gaban ruwa ba wanda ya kula wani, ga shi minti biyu da fara wuta an zama 'yan gida ɗaya. Wannan ruwan bai iya ba, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka, in aka ce in ɗauki ɗaya, ruwan zan ɗauka, ba tare da dogon tunani ba.

Wutar don mu aka yi ta. In babu mai kallo ba za a harba ba, in aka yi iska mai ƙarfi a ɗage, in kuɗi suka ƙare a daina. Tana roƙon ido, kowace fashewa na ƙoƙarin fin ta baya, har a kai ga ta ƙarshe inda ake sakin komai lokaci guda don a tabbatar an yi tafi. Ruwan bai san mun zo ba. Yana zuba kafin a haifi kakan kakan wanda ya fara ganinsa, yana zuba a daren hunturu da ba kowa a bakin shingen. Ina ganin wannan rashin kulawar tasa ce ke sa mutum ya ji ƙanƙantarsa, irin jin da ke kai bawa ga tuna Mahaliccinsa. Wutar ta burge ni ƙwarai, amma wanda na tuna a lokacin shi ne gwanin da ya haɗa ta.

Sannan wutar ba ta da gari. Wadda na gani a Niyagara ita ce ake gani a talabijin daren sabuwar shekara daga Sidni ko Dubai ko Landan, in ka cire ginin da ke ƙarƙashinta ba za ka bambance su ba. Ana iya loda ta a mota a kai ta ko'ina. Ruwan kuwa sai ka je. Yau in na rufe ido ina iya dawo da koren leɓen nan daidai inda yake lanƙwasawa, da sanyin ƙarfen a tafin hannuna. Daga cikin ɗaruruwan furannin wutar ban iya dawo da ko ɗaya da siffarsa ba. Abin da ya rage mini fuskar yaron ce da hannun tsohuwar nan, wato mutanen da wutar ta haska. Wutar kara ce, ta yi haske mai kyau, ba ta bar garwashi ba.

Akwai kuma waɗanda ƙarar ba murna take kawo musu ba. Da fashewar farko na ga tsuntsayen kogin sun tashi a firgice suna kewaya cikin duhu. Maigidan ƙanwata, wanda ya yi shekaru a Maiduguri lokacin da abubuwa suka yi tsanani, ya koma can baya ya zauna kan benci, bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Da rana shi ne ya fi kowa daɗewa a Table Rock. A gida ma saboda irin wannan ne 'yan sanda kan hana harba nokawut a ƙarshen shekara. Rurin ruwan ya fi na wutar daɗewa nesa ba kusa ba, amma ban ga wanda ya zabura saboda shi ba. Na ga jarirai na barci a kafaɗar iyayensu taku kaɗan daga gangaren.

Abin bai kai rubu'in awa ba aka gama. Aka yi tafi da sowa, hayaƙi ya rataya a kan kogin, nan take taron ya juya baya kowa na neman motarsa, 'yan gida ɗayan nan suka koma baƙin juna suna ture-ture a kan hanya. Muka ce bari mu jira cunkoso ya ragu. A cikin jiran ne na sake jin rurin. Ashe duk tsawon wasan yana nan a ƙarƙashin fashe-fashen, kunnena ne ya bar shi.

Na koma bakin shingen. A lokacin bazara ƙarfe goma na dare ne yarjejeniyar 1950 ta ba da damar fara rage ruwan, daidai sa'ar da aka ɗaga idanunmu sama. Na tsaya ina neman alamar ragin, ina duba gefen gangaren ko dutse zai leƙo, ban iya gane komai ba. Rabin Niyagara ma ya fi ƙarfin idona. Yaron ya zo ya tsaya kusa da ni, barci ya fara cin idonsa, jar rigar ledarsa ta jirgi a naɗe a hammata, ya ƙi yarda a jefar da ita tun rana.

"Kawu," ya ce, "in kowa ya tafi, kashe shi ake yi?"

Na ce masa a'a. Ya leƙa ta tsakanin ƙarafan ya daɗe yana kallo, har uwarsa ta ƙwala mana kira daga wajen mota.